Darasin wannan wata: Ceki a hannu, kada gaggawa ta cinye guminka



Darasinmu na wannan wata a kan wata ƴar takarda yake, wadda ba ta kai tafin hannu biyu ba, amma tana iya ɗaukar gumin shekara guda. Ita ce ceki, wanda a nan Nijar muka fi kira shek. Mun kawo shi a shafin lafiya da noma domin masu lambu da yawa da shi ake biyan su, kuma sau da yawa rashin lafiya ne ke sa mutum ya rabu da shi a kan hasara. Ku karanta a hankali. Wanda ya gama, ya karanta wa maƙwabcinsa.

1. Yadda ceki ya shigo garuruwanmu

Arlit gari ne da aikin albashi ya haifa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya soma fitar da ƙarfen uraniyom a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya soma aiki a 1978, garin Akokan kuma ya girma a gefensa. A Cirozerin, kamfanin SONICHAR yana haƙo gawayi yana ba da wutar lantarki. Inda duk kamfani ya sauka, banki da takardunsa sukan biyo baya.

Ba ma'aikacin ma'adini kaɗai ke ganin ceki ba. Mai lambun da ya kai albasa, tumatir ko dankalin turawa ga wani babban mai saye, ana iya biyan sa da ceki. Haka mahauci, da mai mota, da magini, da ƙungiyar mata da wani shirin taimako ya ba tallafi. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ma'aikata kusan 600 suka bar aiki, ban da ƴan kwangila. Daga cikin mutanenmu akwai masu jiran haƙƙinsu ko kuɗin fansho ta hanyar banki. Saboda haka sanin ceki ya zama wajibi ga kowa.

2. Mene ne ceki?

Ceki ba kuɗi ba ne. Umurni ne a rubuce. Mai asusu a banki, wato mai kwant, shi ne yake rubuta wa bankinsa cewa: a ɗebi kaza daga cikin ajiyata a ba wane. Mutum uku ke cikin sha'anin: wanda ya rubuta, bankin da zai biya, da kai da za a biya.

Idan akwai kuɗi a asusun wanda ya rubuta, banki zai biya. Idan babu, takarda ce kawai a hannunka. Don haka kada ka ce an biya ka sai ranar da kuɗin suka shiga aljihunka ko asusunka.

Dokar ceki ɗaya ce a ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa na yammacin Afirka, har da Nijar. An zartar da ita ranar 19 ga Satumba 2002, kuma babban bankin BCEAO ne ke kula da ita. Abin da za mu faɗa a nan, daga wannan doka yake.

3. Abubuwa shida da za ka duba kafin ka karɓa

Kada ka ninke ceki ka sa aljihu ba ka duba ba. Duba shi a gaban wanda ya ba ka.

Na ɗaya, sunan bankin da zai biya da garin da reshen yake. Na biyu, sunanka. Ya zama daidai da yadda yake a katinka na ɗan ƙasa, harafi da harafi. Idan a kati an rubuta Mahamadou, a ceki kuma Mamane, za a iya maido ka daga gishe. Na uku, yawan kuɗi da lambobi. Na huɗu, yawan kuɗi da haruffa. Na biyar, kwanan wata da wurin da aka rubuta. Na shida, sa hannun mai asusu. Ceki marar sa hannu ba shi da amfani.

Ku lura da wannan ƙwarai: idan lambobi da haruffa suka saɓa, doka ta ce abin da aka rubuta da haruffa shi ne za a biya. Da Faransanci ake rubuta su. Ka riƙe kalmomi biyu: cent shi ne ɗari, mille shi ne dubu. Idan ka ga deux cent mille, to dubu ɗari biyu ke nan, da lambobi kuma 200.000.

Akwai wani tarko da ya shafe mu mu Hausawan Nijar. A kasuwa da dala muke ƙirga, amma ceki da tamma yake ƙirga. Dala ɗaya tamma 5 ce. Jika ɗaya tamma 1.000 ce, wato dala 200. Hanya mai sauƙi ita ce: rufe sifiri uku na ƙarshe da yatsanka, abin da ya rage shi ne yawan jikunanka. Idan an rubuta 200.000, rufe uku, saura 200, wato jika ɗari biyu. Idan an rubuta 20.000, jika ashirin ne kacal. Sifiri guda ya raba su.

Kada ka karɓi ceki mai gogewa, ko wanda aka gyara lambarsa, ko wanda aka rubuta da fensir. Ka roƙi a sake maka wani.

4. Ceki iri-iri ne

Akwai buɗaɗɗen ceki mai sunanka. Wannan kana iya kai shi gishen bankin da aka rubuta a kai, ka nuna katinka, a ƙirga maka kuɗinka.

Akwai ceki mai layi biyu a jere da suka ratsa fuskarsa. Wannan ba a biyan sa a hannu ga wanda ba shi da hulɗa da banki. Sai an zuba shi a asusu. An yi haka ne domin tsaro, don ko ɓarawo ya tsince shi ba zai ci moriyarsa ba. Wasu takardun ceki tun daga banki ake buga musu layukan, har a rubuta cewa ba a miƙa su ga wani mutum sai banki.

Akwai kuma wanda ba a sa sunan kowa ba, ko aka rubuta au porteur, ma'ana a biya duk wanda ya zo da shi. Wannan kamar tsabar kuɗi yake. Idan ya faɗi, wanda ya tsinta na iya riga ka zuwa banki. Gara ka ce a rubuta sunanka.

5. Masu canza ceki nan take

A ƙasashe kamar Ingila da Amurka akwai kantuna a bakin manyan tituna waɗanda sana'arsu ita ce canza ceki. Mutum ya kawo cekinsa da katinsa, su ba shi kuɗi a ranar, su cire wani kaso cikin ɗari. Hukuma ta san da su, kuma sukan bayyana farashinsu. Duk da haka, ko a can an san cewa marar asusu da wanda buƙata ta matsa su ne suka fi biyan wannan kuɗi.

A garuruwanmu wannan aiki yawanci a hannun ƴan kasuwa yake. Ba allo, ba rubutaccen farashi, sai ciniki na baki. Mai kanti ya karɓi cekinka, ya ba ka kuɗi ƙasa da abin da ke rubuce, shi kuma ya kai banki ya karɓi cikakke. Irin wannan ciniki yakan yawaita lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya. Kowa na tune da watannin da suka biyo bayan Yulin 2023, lokacin da aka sa wa ƙasarmu takunkumi, layi ya yi tsawo a ƙofar bankuna, har zuwa ɗage shi a Fabrairun 2024.

Ba mu ce duk mai canza ceki azzalumi ne ba. Shi ma yana fitar da kuɗinsa, yana jira, yana kuma tsoron kada takardar ta dawo. Abin da muke so shi ne ka san nawa kake biya, kafin ka ce ka yarda.

6. Misali da lissafi

Mu ɗauki misalin wani mai lambu. Ya kai albasa, an ba shi ceki mai layi biyu na 200.000. Ba shi da asusu. Ranar Juma'a ce da yamma, banki ya rufe, ga injin ban ruwa yana son gyara. Sai ya nufi kantin wani Alhaji.

Ya ce, "Alhaji, barka da kasuwa. Wata ƴar takarda ce na zo da ita, ko za a taimaka mini."

Alhaji ya duba, ya ce, "Malam, wannan ai sai ta yi mako kafin in ga kuɗina. Amma don kai ne, zan cire dubu biyu kawai."

Mai lambu ya yi godiya, ya sa hannu. Da aka ƙirga masa, sai ya ga jika 190. Ya ce, "Alhaji, ai jika biyu ka ce." Alhaji ya ce, "A'a Malam, dala dubu biyu na ce." Dala 2.000 kuwa tamma 10.000 ce, wato jika goma. Alhaji bai yi ƙarya ba, mai lambu ne bai tambaya ba. Darasi na farko ke nan: duk wanda ya ce maka dubu, tambaye shi, dubun dala ko dubun tamma? Mafi kyau, ya rubuta maka lambar a takarda.

Yanzu mu yi lissafi. Jika 10 cikin jika 200, kashi 5 ne cikin ɗari. A ido kaɗan ne. Amma jiran mako ɗaya kawai aka saya da shi. Shekara tana da mako 52. Idan ka riɓa 5 sau 52, za ka sami 260. Ashe mai lambu ya biya kamar wanda ya ci bashi a kan kashi 260 cikin ɗari a shekara.

Mu auna wannan da ma'aunin hukuma. Iyakar kuɗin ruwa da aka soma aiki da ita a ƙasashen sefa a Janairun 2014 ita ce: banki kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari a shekara, asusun bashi na ƙananan masu sana'a da sauran masu ba da rance kada su wuce kashi 24. A kan kashi 24, jika 200 za ta haifi jika 48 a shekara, wato jika 4 a wata, ƙasa da jika guda a mako. Mai lambu kuwa jika goma ya bari a mako guda. Ya biya fiye da ninki goma.

Idan sau shida yake karɓar irin wannan ceki a shekara, kuma kullum haka yake yi, ya zubar da jika 60. Kowane mai lambu ya san irin iri, taki da man inji da wannan kuɗi zai saya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

7. Sa hannu a bayan ceki alkawari ne

Wannan shi ne wurin da mutane suka fi faɗawa rami. Kafin mai kanti ya karɓi cekinka, zai ce ka sa hannu a bayansa. Mutane na tsammanin da sun sa hannu sun karɓi kuɗi, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba.

A doka, wanda ya sa hannu a bayan ceki ya miƙa wa wani, ya zama mai lamuni. Idan banki ya ƙi biya saboda babu kuɗi a asusun wanda ya rubuta, mai kanti yana da ikon dawowa kanka ya nemi kuɗinsa. Yana da wata 6 na yin haka, bayan cikar wa'adin kai ceki banki. Ka ga ka yi hasarar jika goma, kuma nauyin bai sauka daga wuyanka ba.

Saboda haka, kada ka sa hannu a bayan ceki tun kana gida. Sa hannu kawai ba tare da sunan wanda ka miƙa wa ba yana mai da shi na duk wanda ya riƙe shi. Bari sai ka isa gishe. Kuma ka koyi sa hannu iri ɗaya kullum. Wannan na cikin amfanin karatun yaƙi da jahilci: ka ɗauki bik da kanka, ba sai wani ya riƙe maka hannu ba.

8. Ceki yana da wa'adi

Kada ka ajiye ceki a ƙarƙashin katifa kamar ajiyar hatsi. Doka ta yanka lokaci. Idan a gari ɗaya aka rubuta shi kuma a nan za a biya, kwana 8 ne. Idan garuruwan sun bambanta a cikin ƙasa, misali an rubuta a Arlit za a biya a Yamai ko Tawa, kwana 20 ne. Idan daga wata ƙasar sefa ya fito, kamar Bene ko Burkina, kwana 45. Daga wajen waɗannan ƙasashe, kwana 70. Ana ƙirgawa daga ranar da ke rubuce a kan cekin.

Wucewar wa'adi ba ta kashe ceki nan da nan. Idan akwai kuɗi, banki zai iya biya har shekara 3 bayan haka. Amma wanda ya makara yana rasa wani ɓangare na ƙarfin da doka ta ba shi idan rigima ta taso, kuma kuɗin da ke asusun yau ba lalle su kai gobe ba. Masu lambun Timiya, Tabelot da Iferwan, da ke nesa da banki, su riƙe wannan da kyau. Tsakanin Arlit da Agadas kaɗai kimanin kilomita 240 ne. Tun wurin ciniki ka tambayi mai saye a wane banki kuma a wane gari za a biya ka.

Idan wani ya ba ka ceki ya ce kada ka kai sai ƙarshen wata, ka gane cewa bashi ya ci a wurinka. A doka ceki abin biya ne duk ranar da aka kai shi, ko da an rubuta kwanan wata na gaba.

9. Idan ceki ya ɓata ko ya dawo

Ranar da ka karɓi ceki, rubuta lambarsa, sunan banki, yawan kuɗi da kwanan wata a littafinka. Mai wayar hannu ya ɗauki hotonsa. Idan ya ɓata ko an sace, sanar da wanda ya rubuta shi nan take, domin ya hana bankinsa biya. Doka ta yarda da hana biya a kan ɓata da sata.

Idan banki ya ce babu kuɗi, kada ka yaga takardar don fushi. Nemi a ba ka shaidar ƙin biya a rubuce. Idan kwana 30 suka cika ba a biya ba, banki zai ba ka takardar tabbacin rashin biya. Da ita za ka je wurin ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, ya bi maka haƙƙinka. Wanda ya ba da cekin wofi kuma bai gyara ba, ana iya hana shi rubuta ceki har shekara 5.

10. Maganin abin: buɗe asusu

Wasu dattawanmu suna tsoron banki, kuma tsoronsu yana da asali. Sun ga lokacin da bankin BDRN ya durƙushe a 1990, masu ajiya suka sha wuya. Amma an yi gyare-gyare tun daga nan. A 2014 ƙasashen sefa sun kafa asusun lamunin ajiya, wanda aikinsa shi ne biyan ƙananan masu ajiya har zuwa wata iyaka idan banki ya karye.

Tun ranar 1 ga Oktoba 2014, BCEAO ya umurci bankuna su yi ayyuka 19 kyauta. A cikinsu akwai buɗe asusu, ba da littafin ajiya, zuba albashi, rufe asusu, da karɓo maka kuɗin cekin wani banki na ƙasashen sefa. Ma'ana, aikin da mai kanti ya yi wa mai lambu a kan jika goma, banki zai yi shi ba tare da ya cire komai a kan cekin ba. Abin da ake nema a wurinka shi ne haƙurin ƴan kwanakin aiki. Akwai wasu ayyukan da ake biya, don haka ka nemi a karanta maka jerin farashi kafin ka sa hannu.

Dokar 2002 ta ce mai samun kuɗin shiga a kai a kai yana da haƙƙin buɗe asusu. Idan bankuna uku a jere suka ƙi shi, BCEAO na iya zaɓa masa bankin da zai buɗe. Tafi da katinka na ɗan ƙasa, ka tambayi sauran takardun da ake so. Idan kai kaɗai ba za ka iya ba, ƙungiyarku ta manoma ko ta mata tana iya buɗe asusu da sunanta, a riƙa rubuta ceki da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu.

11. Idan ciwo ya taso da dare

Mun sani akwai ranar da jira ba ya yiwuwa. Yaro ya kamu da zazzaɓi mai zafi, ko mace tana naƙuda ta zubar da jini. A irin wannan rana, fara kai marar lafiya likita. Kada a tsaya neman mai canza ceki rai yana hannun Allah. Maganar kuɗi ta biyo baya.

Idan babu makawa sai ka canza, ga shawarwari. Kada ka sayar da cekin jika 200 don buƙatar jika 20. Nemi rancen abin da kake buƙata kawai wurin ɗan uwa, ko adashi, ko asusun ƙungiya, ka biya idan ceki ya fita. Idan dole sai mai kanti, tambayi biyu ko uku ka gwada farashi. A rubuta abin da aka cire da lambobi, a gaban shaida. Ka ƙirga kuɗinka kafin ka tashi. Kada ka bar katinka na ɗan ƙasa ko katin cire kuɗi jingina a hannun kowa.

Mafi alheri duka shi ne rigakafi. Duk lokacin da aka biya ka, ware wani abu kaɗan don ranar ciwo. Mai ɗan tanadi ba ya sayar da guminsa da araha.

Tambayoyi don aji

1. Su wane ne mutum uku da ke cikin sha'anin ceki?
2. Idan an rubuta 150.000 da lambobi, amma da haruffa an rubuta dubu goma sha biyar, nawa banki zai biya?
3. Tamma 85.000 jika nawa ce? Dala nawa ce?
4. An ba wata mata ceki na 75.000. Mai kanti ya ce zai cire kashi 4 cikin ɗari. Nawa zai cire? Nawa zai ba ta?
5. An rubuta ceki a Agadas, za a biya a Yamai. Kwana nawa ne wa'adinsa?
6. Me ya sa ba a son sa hannu a bayan ceki tun daga gida?

Malaman aji su zana hoton ceki a allo, kowane ɗalibi ya fito ya nuna wurare shida da muka lissafa. Amsoshin lissafi za su zo a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a lambunanmu da dabbobinmu. Sai wata mai zuwa.